Kofin Ɗan Fari

Lahadi, 2 ga Nuwamba, bayan azahar

Yau an yi Jibin Ubangiji, cin burodi da shan kofi don tunawa da Yesu, kofi ɗaya ya dawo cike.

Ni na dafa zoɓon tun jiya, ni na tace, ni na yanka burodin, yadda nake yi kowace Lahadin farkon wata tun Malam na da rai. Malam maigidana ne, shi ya kafa majami'ar nan ta Madarumfa lokacin da ba mu fi cikin zaure ba. A shekarar kwalara ya ce a bar shan kofi guda. Ya sayo 'yan kofunan shayi a kasuwa, kowa da nasa, kowa da alamarsa ta jan farce ko ta fenti. Ni ke ajiye su a kwalla, ni ke wanke su. Don haka ba sai an gaya mini wa ya zo wa bai zo ba, tire ke gaya mini.

Wanda ya dawo cike mai kifi ne. Malam ya zana kifin da ragowar fentin kwalekwale, ya fito kamar gyaɗa, har yau ana dariyarsa. Na yaron nan ne.

Ba zan rubuta sunansa ba. Ɗan farina ne, ban taɓa kiran sunansa ba tun ranar da aka raɗa masa, kuma ba takarda ce za ta sa in fara ba. Uwata ba ta kira na yayana ba har ta koma. Mu Kirista ne, amma ba mu zubar da kunya ba.

Na zuba zoɓon a gindin itacen bedi, inda muke zuba saura. Watakila kamun kifi ya riƙe shi.

Talata, 4 ga Nuwamba, da hantsi

Hajiya Zahara'u, maƙwabciyata, ta leƙo aron rariya, ba kuma rariyar ta kawo ta ba.

"Saratu, wai waɗancan masu ganga a bakin tabki naku ne?"

Na ce, "Ba namu ba ne."

"To ai Yesu suke kira, da ƙarfi ma. Amsa-kuwwarsu ta hana Alhaji barcin rana."

"Hajiya, duk wanda ya ɗaura rawani malami ne?"

Ta yi dariya har tana riƙe ƙofa. Ta ce su ma suna da irin nasu, kowane gida da abin da ke cinsa. Ta tashi tahiya, sai ta juyo ta ce, kamar abin bai dame ta ba, "Na ga surukarki Bushira ta nufi can da farin ɗankwali."

Na ce ƙila kallo ta je.

Shekara nawa muke garin nan? Ba mu taɓa hana kowa barci ba. In an yi rasuwa a unguwa ina cikin masu daka, in Sallah ta zo nama ya ishe mu, in Kirsimeti ta zo tuwona sai ya shiga kowane gida a layin nan. Da haƙuri da mutunci Malam ya sayo mana wurin zama. Yanzu wani ya tsallako iyaka da janareto da farar riga, yana kiran kansa Manzo Iliya. Manzo! A garin Musulmi! Wa ya aike shi?

Alhamis, 6 ga Nuwamba, da la'asar

Ba kallo ta je ba.

Lahadi, 9 ga Nuwamba, da yamma

Bencin baya na maza ya yi fili. Na mata ma. Mun yi waƙa, ni na bayar, muryata ba ta yi rawa ba. Muna cikin addu'a gangarsu na shigowa ta taga.

Bayan an tashi Fasto Bulus ya tsayar da ni. Yaron kirki ne Fasto, ya yi makarantar tauhidi, amma sanyinsa ya yi yawa, in ka taka shi sai ya ce maka sannu. Ya yi ta juya hula a hannu. Na ce, "Fasto, faɗi, ba yau na fara jin magana ba."

Ya ce an yi baftisma a tabki ranar Juma'a. Ya ce akwai namu a ciki. Ya faɗi sunaye, ya kai kan na yaron nan ya rage murya.

Na ce, "Ai an yi masa."

Ya ce, "Sun ce waccan wanka ce, Uwa."

Wanka. Ina tsaye a bakin ruwan nan ranar, da zanen zumunta sabo. Ubansa ya shiga har ƙirji, ga tari na damunsa, ya dafa masa kai ya nutsar da shi cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Masunta Musulmi sun tsayar da koma suna kallo, ba wanda ya yi dariya. Ban yi guɗa ba don kunya, sai na sa ƙawata Ladi ta yi mini. Shi ne yau ake ce wa wanka.

Na dawo gida na share tsakar gidan da na riga na share.

Laraba, 12 ga Nuwamba, da sahe

Bushira ta kawo mini kifi. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ta saba, ba zan yi mata ƙarya ba, yarinyar tana da ladabi. Ta rame. Farin ɗankwalin na kanta.

Na ce, "Wannan fa? Takaba kike?"

Da na sani ban faɗa ba. Ta sunkuyar da kai.

Can ta ce, "Inna, a can ba a ce mana mu yi haƙuri."

"Me ake ce muku?"

"An yi kuka tare da mu. Manzo ya kira sunan ɗiyarmu a gaban kowa. Ya ce ba nufin Allah ba ne."

Na jawo kwanon kifin. Abin da ya faru da damina ya faru, ba zan rubuta shi ba. Mun je, mun tsaya, mun yi waƙa, mun dawo. Na dafa musu abinci har aka share makoki. Haƙuri na ce, i, haƙuri aka ce mini lokacin nawa, har sau biyu, kuma ga ni ban mutu ba. Me kuma ake so a ce?

Kifin manya ne, ya zaɓo su. Ya san ina son kai.

Asabar, 15 ga Nuwamba, da la'asar

Dattawa sun zauna a kan namu da suka sake baftisma, aka kira ni a matsayina na uwar zumuntar mata. Ko ba a kira ni ba da na zo.

Fasto ya fara. Ya ce mu yi hankali kada mu ɗauki duk sabon abu mu ce ɓata ne. Ya ce a Maraɗi akwai sababbin majami'u masu ganga da rawa da magana da harsuna, ya yi addu'a tare da su, 'yan'uwa ne. Ya ce ƙarar kiɗa ba ita ke fitar da mutum daga bangaskiya ba.

Na ce, "Ganga ba ta dame ni ba. Ni na fara buga tulu a majami'ar nan lokacin da wasu ke cewa haramun ne."

Dattijo Shu'aibu, wanda lambunsa ke maƙwabtaka da rumfar mutanen, ya ce shi ya ga abin kirki a wurinsu. Sun raba wani da giya wanda mu muka gaji da shi. Suna zuwa gidan mara lahiya su wuni. Ya ce, "Mu fa mun iya jana'iza, amma ba mu iya zaman bayan jana'iza ba." Bai dube ni ba da ya faɗa. Gara da bai duba ba.

Sai Fasto ya ba da labarin zuwansa wurin Manzo. Ya ce ya tambaye shi a kan Uba da Ɗa da Ruhu. Mutumin ya ce mutum ɗaya ne mai riguna uku, yau ya sa wannan gobe ya sa waccan. Ya ce baftismar gaskiya da sunan Yesu kaɗai ake yi, kuma ta hannun wanda aka buɗe wa asirin, wato shi.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "To daren da za a kama Yesu, da ya durƙusa yana roƙon Uba, da wa yake magana? Da rigarsa?"

Wallahi har Shu'aibu sai da ya yi dariya. Fasto ya ce, "Uwa, kin taƙaita mini karatun shekara guda." Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Ban shiga lakwal, makarantar boko, ba, a gindin murhu Malam ya koya mini karatu, amma abin da na sani na san shi.

Ba a yanke ba. Fasto ya ce a yi addu'a, a sake zama. Kullum a sake zama.

Litinin, 17 ga Nuwamba, da hantsi

Kuran, wutar lantarki, ya ɗauke tun jiya, mu shiru, su janareto.

Laraba, 19 ga Nuwamba, da yamma

Ya zo.

Ya yi sallama a zaure kamar baƙo. Ya zauna a kan turmi, inda ya saba zama tun yana ƙarami, ko da yake na sha hana shi. Na ba shi ruwa. Na juya masa gefe ina tsince wake, don ba na kallonsa ido da ido, ba a yi.

Ya ce, "Inna, an ce ke kika fi kowa zafi a taron."

Na ce, "An faɗi gaskiya."

"Ban bar Yesu ba."

"Ka bar Ubansa."

"Kai, Inna."

"Ka bar naka uban ma. Ka tsaya a ruwan da ya tsaya ka ce wanka ya yi maka."

"Ni ban ce ba."

"Ka shiga. Ƙafa ma tana magana."

Ya ajiye ruwan. Sai ya ce wai da ya fito daga ruwan ne ya fara barci tun damina. Wai ji ya yi kamar an sauke masa buhu daga kai. Ya ce, "Ke ba ki san yadda ɗakin nan yake ba in gari ya yi shiru."

Ni ban sani ba? Ni?

Na so in ajiye farantin in dafa masa kai. Hannuna har ya motsa. Amma uwa ba ta yin haka ga ɗan fari, ga ƙato mai gemu, ga kuma ƙofa a buɗe. Na ce, "Kai wannan, akwai tuwo a kwano, ci ka tahi kafin magariba."

Ya ci kaɗan. Da zai fita ya tsaya wajen kwallar kofuna, ya ce, "Nawa yana nan?"

Na ce, "Yana nan tukuna."

Tukuna. Bakina ne ya faɗa, kuma ban janye ba.

Juma'a, 21 ga Nuwamba, bayan an sauko daga masallaci

Na je na gani da idona. Na tsaya nesa, bayan shingen lambun Shu'aibu, kamar mai sayen latas.

Rumfar kara ce da tutoci. Mutumin gajere ne, ba yadda na zata ba, muryarsa kuma akwai daɗi, gaskiya ɗaya ce. Mata na faɗuwa ana rufa musu zane. Na hango yaron nan a gaba, hannunsa sama, yana waƙa baki buɗe. A wurinmu bai taɓa buɗe baki haka ba, sai dai ya riƙa motsa leɓe.

Na sayi latas ɗin da ba na so na dawo.

Ganga in ta cika zaƙi fashewa za ta yi. Mun ga irinsu, sukan zo da kaka su tahi da bazara. Tsohuwar zuma ake magani da ita.

Lahadi, 23 ga Nuwamba, da azahar

Na bayar da waƙa. Muryata ba ta yi rawa ba.

Asabar, 29 ga Nuwamba, da yamma

An yanke.

Shu'aibu ya yi ta roƙo. Ya ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ya ce yaran ba tauhidi suka je nema ba, ciwo ya kai su, rabinsu in ka tambaye su zancen rigunan nan ba su ma san an faɗa ba. Ya ce teburin na Ubangiji ne, ba namu ba, a bar su su sha.

Fasto ya ce saboda na Ubangiji ne ba mu da ikon yin yadda muke so da shi. Ya ce ƙofa ba za a rufe ta ba, mai son zuwa ya zo ya zauna ya ji wa'azi. Amma wanda ya ce baftismarmu ba baftisma ba ce, ta yaya zai sha kofinmu? Sai dai ya tsaya gaban ikilisiya ya ce ta farko ita ce, kuma ta isa. Sannan ya kasa ƙarasawa, sanyin nan nasa ya motsa. Duk aka juyo gare ni.

Na ce, "Malam bai gina gidan nan da ƙofa biyu ba. Baftisma ɗaya ce. Wanda ya ce wanka muka yi, ya je ya sha inda aka wanke shi."

Shu'aibu ya ce, "Uwa, kin san wa ke ciki."

Na ce, "Na sani."

"Ba za ki ce komai a kansa ba?"

Me zan ce? A gaban maza in buɗe baki in roƙa wa ɗan fari? In kira shi da me? Wadda duk ta haifa ta san ba a yi. Su kuwa suka ɗauka ƙarfin bangaskiya ne kaɗai. Wani har ya ce, "Kun ga irin matan da." Na ji daɗin maganar, na kuma ji kamar an zuba mini barkono a ciki.

Da aka tashi Fasto ya matso ya ce a hankali, "Kofunan, Uwa. Ke ke shirya tire. In kin ga zai yi miki nauyi in sa wani."

Na ce, "Tun kana goye nake shirya tiren nan."

Talata, 2 ga Disamba, da sahe

Gaskiyata ce. Na juya ta sama na juya ta ƙasa, gaskiyata ce.

Alhamis, 4 ga Disamba, da la'asar

Bushira ba ta kawo kifi ba. An aiko da shi dai, an ajiye a zaure. Da kai.

Asabar, 6 ga Disamba, da yamma

Na dafa zoɓo, na tace. Na fito da kwalla na wanke kofuna ɗaya bayan ɗaya, na kife su a faifai.

Na ware na waɗanda aka ce. Mai ɗigo ja na ɗiyar Ladi. Mai zare na Bushira. Sauran. Na sa su a tsohon gwangwanin madara na ɗora a kan kanta.

Mai kifi na bari ƙarshe. Fentin ya fara gogewa wajen wutsiya. Na tuna Malam zaune a bakin ƙofa da tsinke yana zanawa, harshe waje, yaron na cewa, "Baba, wannan ai gyaɗa ce," shi kuma yana cewa, "Kifi ne, ƙoshi ya yi."

Ba zai hau tire ba. Na faɗa, kuma haka za a yi.

Gwangwanin ya cika, shi ya sa ban sa shi ciki ba.

Lahadi, 7 ga Disamba, da yamma

Ya zo majami'a. Shi kaɗai, ba farar riga, da shuɗiyar taguwarsa ta da. Ya zauna a bencin ƙarshe kusa da ƙofa. Kowa ya gan shi, kowa ya yi kamar bai gani ba.

Fasto ya karanta shawarar dattawa, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce in akwai mai son tsayawa ya yi shaida, yanzu ne. Ban waiwaya ba. Na ji dai shiru, har kukan awakin Hajiya ana ji. Bai tashi ba.

Aka yi godiya, aka gutsura burodi. Shu'aibu ya ɗauki tire ya bi benci benci, kowa na neman alamarsa yana ɗauka. Na ɗauki nawa na sha. Na sha, i, don ban yi ƙarya ba kuma ban ci amanar kowa ba.

Tire ya kai baya. A nan na waiwaya. Na ga ya duba tiren, ya bi kofunan da ido tun daga wannan gefe har wancan, ko da yake ya sani. Shu'aibu ya tsaya a gabansa kamar an dasa shi. Sai yaron ya gyaɗa kai, ya sunkuya ya ɗauki takalmansa, ya miƙe a hankali don kada benci ya yi ƙara. Gangar bakin tabki na tashi a lokacin. Na san in ya tsallake dokin ƙofar nan ba zai ƙara tsallako shi ba. Na san shi, zuciyar ubansa gare shi, da tawa a kai.

Na ce, "Ɗanladi."

Ban san da ƙarfi ya fita ba sai da na ga duk majami'ar ta juyo. Ladi ta rufe baki da hannu. Wata tsohuwa ta ce, "La ila!" ta manta inda take. Shi kuwa ya tsaya da takalmi a hannu, yana dube-dube, don bai san sunansa da muryata ba.

Na ce, "Ɗanladi, zauna. Ba a tashi ba."

Ya dube ni. Na dube shi, ido da ido, a gaban kowa. Kunya ta kama ni har tafin ƙafa, amma ban sunkuyar da kai ba.

Ya zauna.

Ban ba shi kofi ba. Bai yi shaida ba. Ban ce na yi kuskure ba, don ban yi ba. Na bayar da waƙar rufewa, kuma yau muryata ta yi rawa, kowa ya ji, su ji.

Da aka watse ya zo ya ɗauki kwallar kofuna, yadda yake yi mini tun da ƙafata ta fara ciwo. Muka biyo hanya, yana gaba ina baya. Hajiya Zahara'u na ƙofar gidanta tana tsintar shinkafa. Ta dube shi ta dube ni. Labari ya riga mu isowa, garin nan ba a tuntuɓe a ɓoye.

Ta ce, "Saratu, wannan fa? Naku ne ko nasu?"

Na ce, "Nawa ne."

A tsakar gida ya sauke kwallar, ya buɗe zai fitar mini da kofunan wanki. Can ƙasa ya taɓo abu naɗe a ƙyalle. Ya warware, sai ga mai kifi. Ya daɗe yana juya shi a hannu.

"Ashe ya je majami'a."

"Ya je. Bai hau tire ba."

"To me za ki yi da shi?"

Na ce, "Miƙo nan."

Na wanke shi tare da sauran, ko da yake ba wanda ya sha a ciki, na kife shi a faifai inda yake zama.